Ƙwallon Dabino na Goma

Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ta Baffa ta zo wata Laraba da hantsi, ina kan babur a hanyar Roni, na ɗauko wani mutum da buhun gyaɗarsa. Waya ta yi ta kuka a aljihuna ban kula ba. Sai da na sauke mutumin na duba, na ga Inna ce, matar Baffa, kira biyar a jere. Matar da ko kira ɗaya ba ta yi sai an danna mata. Ban ma neme ta ba, na juya kan babur sai Kazaure.

Baffa wan babana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku riƙe wannan da kyau. A gidansa na tashi tun ina aji ɗaya na sakandare, lokacin da babana ya gaji da ni a Babura, ya jefa ni a motar kasuwa ya ce a kai wa wansa, tunda shi aikinsa ke nan, gyaran yaran da suka gagara. Aikin nasa ke nan kuwa. Shi ne malamin ba da shawara a makarantarmu, wanda ake tura wa masu gudun aji da masu cin sifili. Yara suna ce masa Malam Gaidans. 'Ya'yansa duk mata ne sun yi aure, don haka ni kaɗai ke da ikon ce masa Baffa a faɗin makarantar. Haka dai na zata.

Sai da aka zauna makoki na gane an cuce ni. Ina tsaye a ƙofar gida ina shimfiɗa tabarmi, wai ni ɗan gida, sai ga wani ƙaton ɗan sanda ya durƙusa yana share hawaye da hularsa, yana cewa ba don Baffa ba da yanzu shi ake kamawa. Baffa fa ya ce. Wata nas ta wuce ni ta shiga wajen Inna tana kuka, Baffa. Wani mai gyaran waya, wani direban tifa, wani mai wankin hula, kowa Baffa. Na ce a raina, to ku daga ina? Yaushe kakata ta haifi iyayenku ban ji ba? Har tsohon malamin horo ya zo, wanda suka shekara ashirin suna sa-in-sa da Baffa. Yanzu da sanda yake dogarawa, ba ta duka ba. Ya zauna, ya ce shi ya fi marigayi bulala, marigayi ya fi shi yara. Ya tashi ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Duk waɗannan na haƙura da su. Wanda ban haƙura da shi ba shi ne ɗan ruga. Ajinmu ɗaya da shi. Iyayensa makiyaya ne daga wajen Gwiwa, suka sauka a bayan dutse da shanunsu. Yanzu ya zama malami a wata sakandare a Roni, har an ba shi irin aikin Baffa. Ya zo da farar riga a goge, mutane suna matsa masa wuri suna cewa ga magajin Malam. A gabana. Ni kuma aka miƙo min buta wai in ƙaro ruwa.

A ranar Inna ta faɗa min Baffa ya bar magana a kan gwangwaninsa, amma sai ranar sadakar uku za ta faɗa. To ni ba gona nake so ba, ba agogo ba, ba babbar riga ba. Gwangwanin nan nake so, kuma na san wanda zai iya shiga tsakanina da shi.

Bari in gaya muku mene ne a ciki, don kada ku ɗauka zinari ne. Ƙwallayen dabino ne guda goma, na dabinon da surukinsa ya taɓa kawo masa tsaraba daga aikin hajji. Sun sha hannu har suna sheƙi. In an turo masa yaro, ba ya tambayarsa me ya hana shi zuwa makaranta. Ya ce wannan tambayar ƙarya kawai take koya wa yaro, kuma mu mun riga mun iya. Sai ya buɗe gwangwani ya jera ƙwallayen a tebur. Na farko, in ji shi, shi ne ranar da ka fi lalacewa. Na goma shi ne ranar da aka daina kawo masa kai. Sai ya ce ka taɓa inda kake yau. In ka taɓa uku, kana jiran ya ce kai ko kunya ba ka ji, sai ka ji ya ce, "Me ya sa ba ɗaya ba?" Nan za ka ga ƙaton yaro mai gemu-gemu yana zare ido, don tunda aka haife shi ba a taɓa tambayarsa abin da ya yi daidai ba. Daga nan sai ya ce me za ka yi kafin Juma'a ya zama huɗu. Ba biyar ba, huɗu. In ka ce za ka zama na ɗaya a aji sai ya ce a'a, wannan maganar 'yan siyasa ce, kawo ƙarama.

Malamin horo ya tsani wannan abu. Akwai ranar da aka kamo mu mu bakwai daga bakin dam da jiƙaƙƙun wanduna, an jera mu a rana za a fara rabon bulala, sai ga Baffa ya zo yana tambaya wa ya yi darasin farko kafin ya gudu. Malamin horo ya ce wannan ai yabon ɓarawo ne don bai kwashe kayan duka ba. Baffa ya ce shi ranar da ɓarawon bai yi sata ba yake nema, ya ji yadda aka yi. An dai zane mu. Amma da muka gama susa, Baffa yana jiranmu da gwangwani.

Zamana na farko da shi a ofis ba zan manta ba. A gida yana ganina kullum bai taɓa ɗaga maganar ba, ya ce gida gida ne. A ofis ya buɗe rajista, ya bi layina da yatsa. Layin nan kamar an zubar da ƙwai, sifili ne reras. A wata guda sau shida na zo.

"Sau shida," ya ce. "Yaya aka yi ka iya?"

Na ɗauka ba'a yake min. Na ce wallahi Baffa ban sani ba, kuskure ne. Bai yi dariya ba. Ya ce a ofis Malam ne, kuma in je in yi tunani, don mutum ba ya zuwa wuri sau shida bisa kuskure. Da zan fita na waiwaya, na ga yatsansa ya bar layina ya hau wani layin can ƙasa, yana bi a hankali yana dawowa nawa. Ban kawo komai a raina ba.

Baffa yana da wani baƙin keke mai kariya da ƙararrawa, ya ajiye shi a zaure tunda ya sayi ɗan babur ɗinsa. Ni ke wanke keken nan duk Asabar. Ni ke sa masa mai, ni ke hura masa iska. Ban taɓa roƙo ba, don na san dai ni zai ba, wa yake da shi in ba ni ba? Sati biyu da zaman nan namu, ina zaune a kan katangar makaranta ina shawarar in shiga ko in wuce, sai na ji ƙararrawar da na sani. Ɗan ruga ne a kan keken, da malafarsa da takalmin taya, yana tafe yana kwana-kwana don ko hawa bai gama iyawa ba.

Labarin da aka ba ni shi ne, wai shi sai ya tatsi nono ya kora shanu bakin kiwo kafin ya taso, ga nisa, in ya ga rana ta ɗaga sai ya fasa zuwa don tsoron bulalar makara. Wai Baffa ya je har rugarsu ya zauna da babansa a kan buzu, aka yarda ƙanensa ya riƙa kora shanun, shi kuma ya taho a keke. Har ruga fa. Ni da nake kwana a gidansa ko ɗakina bai taɓa leƙowa a kan maganar makaranta ba.

Daga ranar ban ƙara fashi ba. Ba don karatu ba, Allah Ya sani. Zuwa nake in ga ranar da zai faɗi da keken. Na koma kujerar bayansa ina ce masa ajin nan yau ƙanshin kindirmo yake. Na sa masa suna Direban Shanu. Shi kuma ba ya ramawa, sai ya juyo ya kalle ni ya kaɗa makullin keken a yatsa, wannan ya fi zagi ciwo. Da aka yi gwajin lissafi na ji ya ci, ban ci abincin rana ba. Gwaji na gaba na zauna na yi karatu kamar mai neman aure, na ci lissafi karo na farko a rayuwata. Na kai wa Baffa takardar ina jiran a yi min biki. Ya duba ya ce madalla, yaya aka yi ka iya, sai a ƙara irinsa. Shi ke nan. Abin da yake ce wa kowa.

Muna aji biyar abin ya kai min wuya. Ina wucewa ta tagar ofis na hango ɗan ruga a zaune, ƙwallaye a jere, ya ɗora yatsa a kan na tara. Baffa yana wani murmushi da ban taɓa samun irinsa ba. Ni a lokacin ina biyar, ita ma da ƙyar. Da aka fita cin abinci na karɓi makullin ofis a matsayina na ɗan gida, wai zan ɗauko masa buta. Na buɗe gwangwani na ɗauke ƙwallo ɗaya. Lissafina shi ne, in babu na goma, sai in ga inda Direban Shanu zai taɓa.

Washegari Baffa ya jera, suka tsaya a tara. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya girgiza gwangwani. Dabino kuwa ga shi nan a ƙofar kowane masallaci, da ya ci ɗaya ya cike gurbin. Bai cike ba har ya yi ritaya. In yaro ya tambaya sai ya ce tara ma ta isa, shi bai taɓa ganin mai rai a goma ba.

Rigimarmu ta zo bayan nan da 'yan kwanaki, da la'asar, yana zaune a tabarma yana gyaran tabarau da zare. Na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

"Baffa, ni ne ɗanku ko shi?"

"Kai ne."

"To me ya sa shi kuka ba keken?"

"Da na ba ka, ina za ka je da shi?"

Na ce makaranta. Ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, na kalle shi. Ni da shi duk mun san bakin dam zan je, in na ƙoshi in zarce Babura ranar kasuwa. Da dariya ya kamata mu yi. Amma ni zuciya ta ɗebe ni, na ce tunda ya sami ɗa a ruga sai ya riƙe abinsa. Zangon bai ƙare ba na daina zuwa, na kama acaba da babur ɗin yayan wani abokina. Na yi ta jira ya biyo ni tasha ya ja ni da kunne. Bai zo ba. Abin da kawai ya ce, wata safiya ina ɗaura takalmi, shi ne sunana yana nan a rajista bai goge ba. Ɗan ruga ya gama, ya wuce kwalejin horon malamai. Ni na gama sanin duk ramin da ke tsakanin Kazaure da Roni.

Da ƙarfinsa ya ragu ya daina tuƙi, ni na zama mai kai shi ko'ina. Asibiti, ɗaurin aure, gaisuwa. Ba ya hawa babur ɗin kowa sai nawa, wannan kam ko ɗan sandan nan bai samu ba. Da ya zauna a baya sai ya taɓa kafaɗata ya ce yau ana nawa. In ce sha ɗaya, Baffa, na wuce gwangwaninku. Ya ce to madalla, me aka yi mai kyau a satin nan. Tun ina mayar da abin wasa har na koma tanadin amsa. In na mayar wa fasinja wayar da ya manta, sai in ajiye labarin sai Baffa ya hau.

Hawansa na ƙarshe, muna dawowa daga asibiti da rana tsaka, ya ce in rage gudu zai tambaye ni abu. Ya ce a ce na kwanta, Allah Ya yi ikonSa ina barci, na farka na ga na gama sakandare da takardata a hannu, ban kuma faɗa wa kowa ba. Wa zai fara ganewa? Na ce ɗan ruga, don da gangan zan je in yi ta zagaya makarantarsu ina hon har sai ya ji haushi. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na tsaya a gindin wata bishiya. Da ya samu numfashi ya ce, "To, wannan ma dalili ne. Ba a raina dalili."

Ranar sadakar uku, bayan an watse, Inna ta aiko a kira ni. Na shiga da sauri, sai na tarar an kira ɗan ruga ma. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta cikin takaba, gwangwani a cinyarta. Muka durƙusa. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce Malam ya ce a ba mai aikin, don kayan aiki ne ba na ado ba. Ta miƙa wa ɗan ruga.

Ba zan ɓoye muku ba, ji na yi kamar an sake ba shi keken. Na ce a raina shi ke nan, har a kabari shi aka zaɓa. Ya karɓa da hannu biyu yana hawaye, ya buɗe, ya zuba a tafinsa. Tara.

Inna ta ce, "Ya ce na goman yana hannun mai shi. Ya ce kada wanda ya tambaye shi. Shi zai kawo da ƙafarsa."

Ba ta kalle ni ba. Shi ma bai kalle ni ba. Da sun kalle ni da ya fi min sauƙi. Makullin babur ɗina yana hannuna a lokacin, kuma ƙwallon yana jikinsa. Tun shekarar da na fara acaba na huda shi da ƙusa na ɗaura. Shekara da shekaru Baffa yana zaune a bayana, ƙwallonsa yana lilo a gaban idonsa daga nan har asibiti. Ina ce wa kaina idonsa ya yi rauni. Ƙarya nake. So nake ya gani ya yi min faɗa, ko sau ɗaya ya yi min abin da bai taɓa yi wa wani yaro ba.

A zaure ɗan ruga ya tsayar da ni, daidai inda keken yake jingine a da. Ya ce akwai abin da Baffa ya nuna masa ranar da ya fara aiki, a matsayin darasi. Tsohuwar rajistarmu ce. Ranaku shidan nan da na zo a wancan watan, duk ranakun da shi ya zo ne, ba ɗaya da ta kuskure. Baffa ya gano ni ba karatu ke kawo ni ba, tsokanar ɗan ruga ke kawo ni. Sai ya nemi yadda ɗan ruga zai riƙa zuwa kullum.

"Ka san yadda na ji?" ya ce. "Shekara nawa ina taƙama ni aka zaɓa. Ashe tsutsa ce ni a bakin ƙugiya, kai ake son kamawa. Sati guda ban gaishe shi ba."

Ashe shi ma yana da nasa ciwon, kuma ni ne ciwon. Wallahi sai na ji wani sanyi, Allah Ya yafe min.

"Amma dai kai ka hau keken," na ce.

"Ni na hau."

Litinin da ta biyo baya na sauke fasinja a Roni, na ga ƙafata ta kai ni makarantarsu. Ofishin nasa ƙarami ne, ko labule babu, bai kai na Baffa ba, in faɗi gaskiya. Yara biyu suna jira a benci, na zauna a bayansu da hular kwano a cinya suna ta kallona. Da layi ya zo kaina na shiga. Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya buɗe gwangwani ya jera taran, ya bar gurbi a ƙarshe. Hannunsa bai iya jerawa kamar na Baffa ba, a karkace suke.

"Yau ana nawa, ɗan Baffa?"

Na taɓa biyu.

"Me ya sa ba ɗaya ba?"

"Don na zo. Kada ka cika min baki, Direban Shanu."

Ya ce me zai sa ya zama uku kafin Juma'a. Na ce zan je in tambayo yadda irinmu da suka bari suke zana jarrabawar gama sakandare. Ya ce tambayowa kawai, ba zanawa ba. Na ce na sani, a gidanmu aka ƙirƙiro abin.

Na tambayo. Yanzu ina huɗu, in ji shi, ni na ce biyar. Ƙwallon yana nan a jikin makullina, ban ba shi ba, kuma bai tambaya ba. Ranar da takarda ta fito zan kai, in ajiye shi a gurbinsa da hannuna, sannan in fita in zagaya makarantar ina hon.

Ku da kuka cika mana ƙofar gida kuna Baffa, Baffa, na yafe muku, ku ci gaba da faɗa. Amma ku sani aro na ba ku. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya duba masa ranakun da ya zo kamar yadda ya duba mana namu, Ya ba Inna haƙuri. Amin.